Daga Bayan Ɗaki Zuwa Kasuwar Gombe: Tarihin Shukar Cikin Gida a Garinmu



Duk wanda ya shiga wajen 'yan gwari a babbar kasuwar Gombe da safe zai ga zogale, rama, yakuwa, lalo da alayyahu an ƙulla su ɗauri-ɗauri, kowanne da kuɗinsa. Iyayenmu mata na Jekadafari, Herwagana da Bolari sun san lokacin da yawancin wannan ganye a bayan ɗaki ake tsinko shi, in babu a aiki yaro maƙwabta. Yadda aka yi ganyen miya ya bar tsakar gida ya koma kasuwa wani yanki ne na tarihin garin nan.

Gombe da muke ciki ba tsohon gari ba ne. Modibbo Buba Yero ya kafa masarautarsa a zamanin jihadin 1804, hedikwatarta kuma Gombe Abba. Turawan mulkin mallaka suka mayar da ita Nafada a 1913, sannan aka dawo da ita Doma, wato nan, a 1919. Saboda haka in ka cire itatuwan da aka tarar a dajin, irin su kuka, tsamiya, ɗorawa da kanya, kusan duk inuwar da ke tsofaffin unguwanni wani ne ya dasa ta da hannunsa, ya yi ta ba ta ruwa har ta kama.

Babban misali shi ne dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina. Yaran yanzu sun ɗauka da shi aka halicci ƙasar nan. Asalinsa Indiya da Bama ne. Ta Gana ya biyo, aka fara dasa shi a lardin Borno a 1928, daga can ya bazu cikin Arewa, a bakin tituna, makarantu, ofisoshin En'e da ƙofar gidaje. Dalilin karɓuwarsa a fili yake: yana jure fari, yana saurin girma, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani, yana nan da ganyensa. Mutane suka gano masa wasu amfanin, ana sa busasshen ganyensa cikin hatsi don korar ƙwari, ana yin asuwaki da reshensa. Aibinsa kuma an san shi, ba abin kirki da ke girma a ƙarƙashinsa, saiwarsa tana fasa katanga in an dasa shi kusa da gini. Shi ya sa masu dabara suka bar shi a ƙofar gida, suka ajiye tsakar gida don abin da za a ci.

Abin da za a ci ɗin ma baƙi ne da yawansu. Mangwaro daga Indiya yake. Gwanda, gwaiba, tumatir da barkono daga nahiyar Amurka suka fito, suka iso Afirka bayan zuwan jiragen ruwan Turawan Fotugal. Zogale kansa asalinsa arewacin Indiya ne, amma ya daɗe a ƙasar Hausa, domin wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya sa shi cikin littafin sunayen tsirrai na Hausa da ya wallafa a 1916. Ɗaya daga cikin tsofaffin sunayensa, bagaruwar Makka, yana nuna inda mutanen da suke jin ya fito. Kuɓewa, yakuwa da karkashi kuwa namu ne na gado.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne ruwa. Gombe gari ne da ya yi suna wajen ƙarancin ruwa. Cinikin auduga da gyaɗa ya jawo jama'a a shekarun 1950, jirgin ƙasa ya iso a 1963, gari ya yi ta cika, rijiyoyi ba su wadatar ba. An gina madatsar Dadin Kowa a shekarun 1980, amma sai a zamanin Gwamna Danjuma Goje aka kammala babban aikin jawo ruwanta zuwa cikin gari. To, a tsawon shekarun da ake sayen ruwa garwa-garwa, da me aka raya gwanda da lalle?

Da ruwan da aka riga aka yi amfani da shi. Wurin alwala ake dasa zogale ko lalle, don kowace buta ta zube a gindinsa, sau biyar a yini. Ruwan wankin hatsi da na ɗaurayar kwanuka yana tafiya gindin gwanda. Ruwan wanki mai sabulu da yawa kuwa ba a kai shi can, an san yana ƙona shuka. Tukunyar da ta tsage ba a jefar da ita, a cika ta da ƙasa a shuka barkono ko na'ana'a. Kashin awaki da na kaji a tara shi gefe ya ruɓe kafin a zuba, domin ɗanyen taki yana kashe ƙaramin tsiro. Toka daga murhu ita ce maganin ƙwari, a barbaɗa ta a ganyen kuɓewa da sassafe kafin raɓa ta bushe. Kabewa da duma su hau kan danga ko rufin ɗaki, ba su ci filin kowa ba. Zogale ma ba sai da iri ba: a sare reshe mai kauri kamar kamu biyu, a kafa shi da farkon damina, in ya kai ƙirjin mutum a datse kansa don ya yi rassa maimakon ya miƙe sama inda hannu ba ya kaiwa. Mata ne suka riƙe wannan ilmi, uwa ta koya wa 'yarta, amarya ta tafi ɗakinta da irin yakuwa a ƙulle cikin tsumma.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 Gombe ta zama babban birnin jiha, komai ya sauya. Fili ya yi tsada. Gidan gado aka raba shi, inda mangwaro yake aka yi ɗakin haya ko shago. A sababbin unguwanni irin su Tumfure kuma, alamar gida ya haɗu ita ce a shafe tsakar gida da siminti ko intalok daga ƙofa har bayan gida, ba a bar ko taku ɗaya na ƙasa ba. Ga kayan lambu na shigowa daga Kwadon da Dadin Kowa kullum, sai aka ga sayen ya fi sauƙi.

A ganina mun yi asara fiye da ta ganyen miya. Garin nan a gangare yake, ƙasarsa mai yashi ce, ruwan sama yana gangarowa daga tudun yamma ya ratsa cikin unguwanni. Kowane tsakar gida da aka shafe, ruwan da ƙasa za ta shanye ya koma kan titi, daga titi ya faɗa kwari, kwari ya ƙara faɗi ya ci gidan wani. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Agustan 2004 ba sa bukatar a yi musu bayani. Ba siminti kaɗai ya jawo zaizayar ƙasa ba, amma yana da hannu.

Hukuma ta yi nata. Akwai Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya a Dadin Kowa tun 2002, ga shirin Gombe Goes Green da gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta ƙaddamar a 2019 da burin dasa itace miliyan ɗaya kowace shekara. Sai dai waɗannan a bakin titi, makarantu da gefen kwaruruka suke aiki. Cikin gida sai mai gida da uwargida.

Tsadar kayan miya ta 'yan shekarun nan ta fara dawo da mutane kan tsohuwar hanya, ko da yake da sabon salo. Mai gidan siminti yana cika buhun shinkafa ko tsohon bokiti da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki, ya huda gindin don ruwa ya fita, ya jera su inda rana ke samu rabin yini. Alayyahu yana isa yanka cikin wata guda, tumatir da attaruhu su ɗauki kamar wata uku. Masu ajiye fulawa ko alobera a falo kuma su riƙa zubar da ruwan da ya taru a farantin ƙarƙashin tukunya, don a nan sauro ke yin ƙwai. Irin kuɓewa, yakuwa da alayyahu ana samunsa a cikin kasuwar Gomben nan, ba nisa da inda ake sayar da ganyen.