Zaɓen Jami'ar Karatu Daga Nesa Ga Ma'aikaci

Ma'aikaci a Anka, Gummi ko Bukkuyum zai iya yin digirin farko ta intanet ba tare da barin aikinsa ba. Sai dai muna jan hankalin jama'a da su tantance makaranta kafin biyan kuɗi, domin takardar bogi ba ta kawo ƙarin girma, tana ma iya jawo kora.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke amincewa da jami'a da kuma kowane kwas. Cikin waɗanda ta amince da su akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda aka kafa a 1983, mai cibiya a Gusau, da Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ana buƙatar kiredit biyar, har da Ingilishi da Lissafi.

A yi hattara da digirin gaggawa. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo.

Muna shawartar ma'aikaci ya nemi izinin ma'aikatarsa a rubuce, ya kuma tanadi kuɗin mota, domin jarrabawa a cibiya ake zaunawa.