Daidaiton Jeri da Ingancin Kwatanci a Tambayoyin Gyaran Jumla: Nazari a Kan Jarrabawar GMAT

Tsakure

Maƙalar nan ta duba babi biyu da littattafan share fagen jarrabawar GMAT suka saba gwamawa, wato daidaiton jeri da kwatanci, ta kuma kafa hujja cewa ƙa'idar da ake haddatar da ɗalibai, ta cewa a daidaita siffar kalmomi, ba ta isa ta warware ko ɗaya daga cikinsu ba, domin na farko hukunci ne a kan aikin da yanki yake yi a jumla, na biyu kuwa mas'ala ce ta manɗiƙi.

Gabatarwa

An fara jarrabawar nan a Amurka a 1954 domin tace masu neman karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, aka sa mata sunan GMAT a 1976, aka mayar da ita kan kwamfuta a 1997. Shekara da shekaru, kafin sabon tsarin 2023, sashenta na harshe ya kasance yana ɗauke da tambayoyin gyaran jumla, inda akan kawo jumlar Ingilishi a ja layi ƙarƙashin wani yankinta, a jero amsoshi 5, ta farko maimaicin abin da aka ja wa layi ce, sauran 4 kuwa sauye-sauye ne, a ce ɗalibi ya zaɓi mafi inganci. Kafin 2018 sashen yana da tambayoyi 41 cikin minti 75, daga baya ya koma 36 cikin minti 65; ke nan kowace tambaya ba ta samun cikakken minti 2, kuma wannan ƙuncin lokaci shi ne asalin gajerun dabarun da masu koyarwa suka ƙirƙiro, waɗanda mafi shahara daga cikinsu ita ce a nemi amsar da kalmominta suka yi kama da juna a ido.

Waiwayen Ayyukan Magabata

Bishop Robert Lowth, wanda ya bayyana daidaiton ɗangogi a waƙoƙin Ibrananci a 1753, shi ne kuma ya wallafa ɗan littafin nahawun Ingilishi a 1762 da ya daɗe yana tasiri a makarantu. Bayansa da nisa William Strunk ya sa daidaiton jeri cikin ƙa'idojin littafinsa na 1918, wanda E. B. White ya faɗaɗa a 1959. Abin lura, wanda masu koyar da jarrabawa suka yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne Strunk daga ma'ana ya faro: ra'ayoyin da suke matsayi ɗaya su ne ya ce a ba su siga ɗaya. Su kuwa sai suka juya maganar, suka sa siga a gaba, har ɗalibi ya ɗauka duk inda ya ga aikatau uku a jumla wajibi ne ƙarshensu ya zama iri ɗaya.

Masana kimiyyar harshe sun daɗe da barin wannan matsayi. Gaskiya ne Noam Chomsky a 1957 ya sharɗanta cewa abin da za a haɗa da mahaɗi ya kasance rukuni ɗaya, amma Ivan Sag da abokan aikinsa sun nuna a 1985 cewa Ingilishi yana haɗa yankunan da rukuninsu ya saɓa, kuma babban nahawun Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum na 2002 ya tsaya a kan cewa sharaɗin shi ne tarayya a aiki. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta balaga ba zai yi mamakin wannan ba, domin Abdulƙahir Jurjani, tun ƙarni na 11, ya yi bayani a babin rabewa da sadarwa na Dala'ilul I'ijazi cewa ba a aɗafa jumla a kan jumla sai da munasaba a tsakaninsu, malamin balaga Sakkaki kuma ya zo ya karkasa wannan munasaba.

Hanyar Bincike

An bi nau'o'in tambayoyin da hukumar jarrabawar, GMAC, ta fitar domin gwaji, aka ware masu mahaɗi da masu kwatanci, aka auna kowane nau'i da dabarar daidaita siga domin a ga inda take kaiwa ga amsa da inda take ɓatarwa. Misalan da ke ƙasa na mai binciken ne, an gina su bisa ƙirar waɗancan.

Daidaiton Jeri

Dabarar tana aiki a jeri mai sauƙi da kuma mahaɗai tagwaye irin su both da and, ko either da or, inda abin da ya biyo bayan na farko yake neman ɗan'uwansa bayan na biyu. Tana kasawa a wuri biyu. Na ɗaya, takan sa a ƙi jumla lafiyayya kamar "He answered slowly and with care", alhali yankunan biyu, ko da siffarsu ta bambanta, duka bayanin yadda aka amsa suke yi. Na biyu, wanda ya fi muni, takan sa a lalata ma'ana. A jumlar "The firm cut wages and closed two branches, hoping to repay its debt", ɗalibin da ya mayar da hoping ya zama hoped domin ya dace da aikatau biyu na farko ya mayar da niyyar da ta sa kamfanin ya rage albashi ya rufe rassa ta zama aiki na uku mai zaman kansa. A yaren nahawu, ya ɗauki hali ya yi masa hukuncin aɗafi.

Ingancin Kwatanci

A nan ne binciken ya fi samun abin faɗa, domin a nan ne gwama babin biyu ya fi cutarwa. Malaman balaga sun ce rukunan kamance huɗu ne: abin da aka kamanta, da abin da aka kamanta shi da shi, da kalmar kamantawa, da fuskar kama, kuma duk kuskuren da jarrabawar ta riƙa farauta a wannan babi yana faɗawa ne a kan alaƙar rukunai biyu na farko, wadda ba a ganinta a siffar kalma.

Kuskure na farko shi ne saɓanin jinsi. A jumlar "Unlike Japan, the population of Niger is growing", yankunan biyu duka suna ne, don haka mai auna siga ba zai ga aibi ba, alhali an ɗora ƙasa a wani ɓangaren sikeli, an ɗora yawan jama'a a ɗayan, abin da malaman usulu za su kira ƙiyasi tare da bambanci. Gyara biyu ne: ko a ce that of Japan, yawan jama'a ya fuskanci yawan jama'a, ko a sa Niger ta zama aikau, ƙasa ta fuskanci ƙasa. Ɗalibi Bahaushe yana da gata a nan in an nuna masa, domin harshensa yana rarrabe "yawan jama'ar Nijar ya fi Chadi" da "ya fi na Chadi" da gaɓa ɗaya tak, kuma aikin da na da ta suke yi a Hausa shi ne that of da those of suke yi a can.

Kuskure na biyu shi ne shubuha a kan wanda aka kwatanta. In aka ce Musa yana ganin girman Audu fiye da Bala, ba a sani ba ko Bala mai girmamawa ne ko wanda ake girmamawa, kuma Ingilishi yana da wannan ruɗani daidai wa daida bayan than, sai an ƙara aikatau irin does sannan a gane Bala aikau ne. Amsar da ta fi tsawo ita ce daidai a nan, ko da yake an koya wa ɗalibi cewa jarrabawar taƙaitawa take so. Dalili kuwa shi ne taƙaitawa ba ta halatta sai inda akwai ƙarina da za ta nuna abin da aka shafe.

Kuskure na uku shi ne hujja mafi ƙarfi. Tafkin Biktoriya shi ne mafi faɗi a Afirka. Amma in aka rubuta cewa ya fi kowane tafki a Afirka faɗi, to, an sa shi ya fi kansa, tunda shi ma a Afirka yake, sai an ce ya fi sauran, wato any other a Ingilishi. In kuwa aka ce ya fi kowane tafki a Kudancin Amurka, jumlar ta inganta yadda take, ƙara other ma shi ne zai ɓata ta, domin zai nuna tafkin a can yake. Ga jumloli biyu, ƙirarsu ɗaya, rukunin kalmominsu ɗaya, amma hukuncinsu ya saɓa. Abin da ya raba su kuwa tambaya ce da nahawu ba ya amsawa, wato ko abin da aka fifita yana cikin jama'ar da aka fifita shi a kanta ko yana wajenta. Wannan mas'alar ɗaiɗai da gamayya ce, irin wadda ɗalibin manɗiƙi mai karanta Sullamu na Ahdari yake fara karo da ita, kuma ba yadda za a yi daidaita ƙarshen kalmomi ya kai mutum gare ta.

Iyakokin Binciken

Ba a musun cewa binciken ya tsaya ga nazarin jumloli, bai bi ɗalibai ɗakin jarrabawa ba, kuma Lyn Frazier da abokan aikinta sun nuna a 1984 cewa mai karatu yakan fi saurin fahimtar yanki na biyu in ƙirarsa ta yi daidai da ta farko, don haka daidaita siga yana da nasa amfanin. Haka kuma masu magana, a Hausa ko a Ingilishi, sukan shafe na ko that of a hira ba tare da kowa ya ruɗe ba. Sai dai wannan yana nuna tsananin ma'aunin jarrabawar ne kawai, bai taɓa hujjar da aka kafa ba.

Kammalawa

Sabon tsarin GMAT da aka fara a ƙarshen 2023 ya cire gyaran jumla ɗungurungum, amma wannan bai rufe babin ba, domin jarrabawar SAT tana nan tana gwada ƙa'idojin rubutu, kuma mai rubuta rahoton da ya kwatanta ribar wani kamfani da wani kamfanin sukutum zai ɓatar da mai karatunsa ko da jarrabawa ko babu. Shawarar maƙalar ita ce a raba babin biyu a manhaja, a kuma horar da ɗalibi, kafin ya kalli amsoshi, ya faɗi da bakinsa wane aiki yankunan da aka jera suke tarayya a kansa, da kuma mene ne aka auna da mene. In ya iya amsa waɗannan, sai a bar shi ya duba siga a ƙarshe, a matsayin tabbatarwa.