Windows da Linux a kwamfuta ɗaya: yadda ake zaɓa lokacin kunnawa

Kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar babbar manhaja biyu, misali Windows da Linux, mai ita ya riƙa zaɓen wadda zai shiga duk lokacin da ya kunna. Batun ya taso sosai tun ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum. Windows 11 kuma tana neman wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Ga ɗalibin Jami'ar Diffa, ko malamin makaranta a N'Guelbély da ke aiki da kwamfutar gwanjo, hanya ce ta cin moriyar na'urar ba tare da sayen sabuwa ba.

Yadda yake aiki

Ana raba faifan ajiyar kwamfuta gida biyu, kowace manhaja da nata. Da an kunna, wata ƙaramar manhaja mai suna GRUB za ta nuna jerin sunayen biyu. A zaɓa da maɓallin kibiya, a danna Entrée. In ba a taɓa komai ba, bayan 'yan daƙiƙoƙi za ta shiga wadda aka saita. Biyun ba sa aiki lokaci guda: mai son sauyawa sai ya sake kunnawa.

Linux kyauta ce, Linus Torvalds ɗan ƙasar Finlan ya fara ta a 1991. Cikin nau'o'inta akwai Ubuntu, wadda ta fito a 2004, ana kuma iya saita ta da Faransanci. Wasu na barin Windows saboda manhajojin da ba sa aiki sai da ita, su koma Linux in za su shiga intanet.

Kafin a fara

Abu na farko, a kwashe takardu da hotuna zuwa kle USB ko wani faifai na waje. Kuskure ɗaya wajen rabon faifai yana iya share komai. A cika batir, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rabon tana lalata bayanai. In faifan a kulle yake da BitLocker, a rubuta lambobin buɗewa guda 48 a takarda tukuna.

Windows ake fara sakawa, Linux ta biyo baya. In aka juya, Windows takan gabatar da kanta, jerin GRUB ya daina fitowa. Ubuntu tana buƙatar wuri aƙalla giga 25. A kuma kashe saitin kunnawa da sauri na Windows, don Linux ta iya ajiye takardu a ɓangaren Windows lafiya.

Matsalolin da aka fi gani

In jerin bai fito ba, akan danna F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP, da zarar an kunna. Agogo ma yakan kauce da awa ɗaya a Nijar, saboda Linux tana saita agogon na'ura bisa lokacin GMT, Windows kuma bisa lokacin ƙasa. Ana gyara wannan ta hanyar sa biyun su bi ƙa'ida ɗaya.

Wanda bai tabbatar ba zai iya gwada Ubuntu daga kle USB ba tare da ya taɓa faifansa ba.