Faifan Roba a Ƙashin Ƙugu: Inda Matsalar Take Fitowa

Tsakanin kusan kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai faifan guringuntsi da ke ɗaukar nauyi, ya kuma ba jiki damar lanƙwasawa. Idan ya lalace a ƙugu, musamman a gaɓoɓin da likitoci ke kira L4-L5 da L5-S1, tsohuwar hanyar tiyata ita ce a haɗe ƙasusuwan biyu su zama ɗaya. Masu neman wata mafita suka ce a cire faifan a sa na ƙira, don gaɓar ta ci gaba da motsi. Abin da tarihin wannan aiki ya nuna shi ne, yawancin cikas yana tasowa ne a inda na'urar ta haɗu da ƙashi mai rai.

Tun a shekarun 1960 likitan Suwidin Ulf Fernström ya gwada sa ƙwallon ƙarfe a gurbin faifan. Nauyin jiki duka ya taru a ɗan wuri guda, ƙwallayen suka riƙa lumewa cikin ƙashi. Haka ta sake faruwa da samfurin farko na faifan Charité, wanda Kurt Schellnack da Karin Büttner-Janz suka ƙera a Berlin ta Gabas, aka fara dasa shi a 1984: farantansa sun yi ƙanƙanta. Dalilin a fili yake. Fuskar ƙashin baya tana da ƙarfi a kewayen bakinta, tsakiyarta kuwa laushi gare ta. Farantin da bai kai baki ba kamar ƙafar kujera ne a kan yashi. Shi ya sa har yau ake auna ƙwarin ƙashi kafin tiyata, ana kuma ƙin yi wa mai zaizayar ƙashi.

Samfuri na uku na Charité ya fito a 1987, hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2004. Faranti biyu ne na ƙarfen kobalt da kuromiyam, da curin roba mai tauri yana zamewa a tsakaninsu. ProDisc na Thierry Marnay, likitan Faransa, wanda ya samu amincewa a 2006, ya bi wata hanya: robar a maƙale take da farantin ƙasa, kowane faranti kuma yana da ƙoro da ake sarƙafawa cikin ƙashi. Kowace dabara da irin farashinta. Robar da ke yawo tana iya tsagewa a baki ko ta kufce ta yi gaba. Ƙoron kuwa yana hana zamewa, amma sai an sassaƙa masa hanya da kurfi, kuma an samu lokutan da ƙashin ya tsage, musamman idan an dasa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Abin da a ganina ba a ba shi muhimmancin da ya kamata ba shi ne ƙananan gaɓoɓi biyu da ke bayan kowane faifai. Su uku suke aiki tare. Idan na'urar ta karkace gefe, ko an sa ta gaba da yawa, ko ta ɗaga gurbin fiye da kima, juyawar gaɓar ta sauya, nauyi ya koma kan waɗannan biyun. Hoton ƙashi zai nuna faifan zaune daram, majinyaci kuwa yana kukan ciwo. Likita André van Ooij na Maastricht ya ba da rahoton majinyata 27 masu faifan Charité a 2003, kuma lalacewar waɗannan gaɓoɓi da lumewar faranti na cikin abubuwan da ya fi cin karo da su.

Gogayya ma tana fitar da ɓurɓushin roba da ke tayar da kumburi, wani lokaci har ya ci ƙashin kewaye. Wani sa'in kuma sabon ƙashi ke tsiro ya dabaibaye na'urar, gaɓar ta daskare, a koma gidan jiya.

Gyara shi ne babban tashin hankali. Ta ciki ake shiga a dasa faifan, a janye manyan jijiyoyin jini gefe. Bayan wani lokaci tabo yakan manne jijiyar jini ta hagu da gaban ƙashin, kuma bangonta siriri ne, yagewarsa na iya kashe mutum a kan gadon tiyata. Saboda haka sau da yawa likita yakan bar faifan a inda yake, ya bi ta baya ya ɗaure ƙasusuwan da kusoshi da sanduna, wato aikin haɗewar da aka guje wa tun farko.