Kalacin Hantsi a Manyan Otal: Asalinsa, Lissafin Kuɗinsa da Siyasar da Ke Tattare da Shi

A ranakun Asabar da Lahadi, daga hantsi zuwa bayan azahar, ɗakunan cin abinci na manyan otal a Abuja da Legas kan cika da iyalai, matasan ma'aikata da 'yan siyasa. Abin da ke tara su shi ne cin da Turawa ke kira brunch, wato zama ɗaya da ke haɗe karin kumallo da abincin rana. A Hausance za a iya kiransa kalacin hantsi. Ga bayanin inda al'adar ta samo asali, yadda ake lissafa kuɗinta, da dalilin da ya sa take shiga muhawarar siyasa.

Asalin al'adar

An ƙirƙiri kalmar ne a Ingila ta hanyar haɗa farkon sunan karin kumallo da ƙarshen sunan abincin rana a Turanci. Marubuci Guy Beringer ya yi amfani da ita a 1895 cikin wata maƙala a mujallar Hunter's Weekly, inda ya ba da shawarar a riƙa cin abinci mai sauƙi da hantsin Lahadi domin waɗanda suka raba dare ranar Asabar su sami damar yin barci. Al'adar ta yi ƙarfi a Amurka daga shekarun 1930, kuma otal-otal suka rungume ta saboda gidajen abinci da yawa ba sa buɗewa ranar Lahadi a wancan zamani.

Ranar da ake yin ta tana bin tsarin hutun kowace ƙasa. A Dubai an daɗe ana yi ranar Juma'a, har zuwa Janairun 2022 da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta mayar da hutun mako zuwa Asabar da Lahadi, sai otal-otal suka koma Asabar.

Yadda ake yi a Najeriya

Mafi yawan otal kan jera abinci a dogayen tebura, mutum ya biya kuɗi ɗaya ya ɗebi abin da yake so. Akan haɗa na Turawa, irin su wainar ƙwai, burodi da kek, da na gida kamar dafa-duka, farfesu, ƙosai, alala da tsire. Wasu wuraren kan ƙara da makaɗa da filin wasan yara. Da yake wasu otal na ajiye giya da naman alade, Musulmi kan tambayi ma'aikata kafin su ɗiba.

Fitaccen misali a Abuja shi ne Transcorp Hilton da ke Maitama. An buɗe shi a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton, kamfanin Transcorp ya saye shi a 2005, kuma yana da ɗakuna sama da 600. Zaurensa ya daɗe yana zama mahaɗar 'yan siyasa, 'yan kwangila da jakadu.

Dalilin da otal ke son wannan ciniki a fili yake. Otal ɗin da ya dogara da taruka da baƙin gwamnati yakan cika daga Litinin zuwa Alhamis, ya yi sako-sako a ƙarshen mako. Kalacin hantsi na jawo mazauna gari su cike gurbin, ga shi kuma girkin tukunya ɗaya ga jama'a ya fi arha a kan dafa wa kowa abin da ya zaɓa.

Abin da ke cikin rasit

Farashin da ke allo sau da yawa ba shi ne abin da za a biya ba. Akwai harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020. Kayan abinci na yau da kullum ba sa ɗaukar wannan haraji a kasuwa, amma suna ɗauka idan an dafa an sayar a otal ko gidan abinci. Akwai kuma kuɗin hidima, galibi kashi 10. A Legas ana ƙara harajin kashi 5 bisa dokar jihar ta 2009 kan otal da gidajen abinci.

Domin misali kawai, a ɗauka kujera ɗaya naira 50,000 ce. VAT zai kama 3,750, kuɗin hidima 5,000, jimilla 58,750. A Legas za a ƙara 2,500, ya zama 61,250.

Kuɗin hidima ba na gwamnati ba ne. Asusun otal yake shiga, kuma tsarin wurin aikin ne ke fayyace abin da zai kai hannun mai kawo abinci. A Birtaniya wata doka da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2024 ta wajabta miƙa wa ma'aikata dukkan kuɗin hidima da tukuici. Mai ci a Abuja yana da damar tambayar inda nasa kashi 10 ɗin ke zuwa.

Inda siyasa ta shigo

Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne a wata, bisa dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yulin 2024. A misalin da ya gabata, zama ɗaya na mutum ɗaya ya cinye fiye da kashi 80 cikin ɗari na wannan albashi, alhali mai wanke kwanon ma ma'aikaci ne.

Giɓin ya ƙara faɗi bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a Yunin shekarar. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 a Yunin 2024, kuma a watan Agusta matasa suka fita zanga-zangar tsadar rayuwa. Tun a 2022 hukumar ta bayyana cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama. Su ma otal-otal tsadar ta taɓa su, musamman bayan da aka ɗaga kuɗin lantarkin rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024.

A Amurka an taɓa mayar da wannan cin fagen gwagwarmaya. A ƙarshen 2014 da farkon 2015, masu fafutika a Oakland da New York sun riƙa shiga gidajen abinci da hantsin ƙarshen mako suna karanto sunayen baƙaƙen fatar da 'yan sanda suka kashe, domin tunatar da masu hali abin da ke faruwa a unguwannin da ba sa zuwa.

Masu kare al'adar na cewa tana samar da aiki ga masu girki, manoma da direbobi, kuma wanda ya nemi halalinsa yana da ikon kashe shi yadda ya ga dama. Wannan hujja tana da ƙarfi matuƙar kuɗin daga aljihun mai ci ya fito. Idan kuwa jami'in gwamnati ne ya ci aka rubuta kuɗin a lissafin ofis, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman takardun kashe kuɗin, kuma ta ba ma'aikatar kwana bakwai ta amsa.