Ya Je Boma, Ita Kuwa Daga Ina? Madogaran Tarihin Mazan Jiya da Matansu Baƙi a Ƙasar Birnin Gwari

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ake tunawa da tsofaffin sojojin da suka haye teku a Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma matan da irinsu suka auro daga wasu ƙasashe, ta ɗauki ƙasar Birnin Gwari a matsayin fagen nazari. Hujjar da ta kafa ita ce, tarihin mijin yana rubuce a takarda, na matar kuwa a bakin jikoki kaɗai yake, saboda haka tashin ƙauyuka ya fi yi wa nata ɓarna.

Gabatarwa

Birnin Gwari ƙasar tudu ce da daji, ba ta san teku ba. Rundunar sojan ruwa ta Nijeriya ma sai a 1956 aka kafa ta. Amma tun kafin nan 'yan Arewa sun sha gishirin teku a matsayin sojan ƙasa da aka loda a jiragen ruwa. A 1943 Turawan Ingila suka haɗa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, daga baya suka kwashe su zuwa Indiya, daga can sai Bama, wadda bakin Bahaushe ya mayar Boma. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa neman kurata, kuma Zariya, maƙwabciyar Birnin Gwari, nan ne wurin horar da su tun 1924.

Abin da takarda ta riƙe

Mai binciken rayuwar soja ba ya rasa madafa. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, a shekarar da bataliyoyi uku na Nijeriya suka shiga dakarun Chindit na Janar Wingate. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka kama Myohaung. Sunayen wuraren yaƙin da na dakarunsa suna nan a ƙofofin barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan a Legas. Waɗanda suka kwanta dama a can ba a ga gawarsu ba, an sassaƙa sunayensu a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ya fara shiryawa a 1939, ta bi labarin yaƙin da Hausa, Sa'adu Zungur kuma ya tarbi masu dawowa da waƙarsa Maraba da Soja.

A cikin gida ma akwai shaida. Takardar sallama ta kan zauna a ƙasan adaka, a naɗe cikin tsumma, ɗauke da lambar soja da ranar shiga da ta fita. Kusa da ita a kan sami lambar Boma, tauraron tagulla mai tsini shida da ƙyalle ja a tsakiya, gefensa shuɗi da ruwan lemo. Da lambar soja ana iya fara bin sawun mutum.

Matar da ba ta da lamba

Soja mutumin bariki ne, kuma bariki mahaɗar baƙi ce. Can yakan yi aure, ya dawo gida da Bazabarma ko Babarbariya, ko wadda iyayenta suka fito daga Gwanja ko Kamaru. Ita ba a ba ta takardar sallama ba, aurenta kuma shaidu ne da goro suka ɗaura shi. A bariki tana ƙarƙashin magajiya, shugabar matan soja. A ƙauyen miji kuwa baƙuwa ce mai koyon tuwon wasu da karin harshensu.

Al'ada ma ta taimaka wajen ɓatar da sunanta. Saboda alkunya surukai ba sa kiran sunan yanka, sai a laƙaba mata sunan inda ta fito, a ce 'Yar Gwanja ko Ta Kamaru, har 'ya'yan cikinta su girma ba su taɓa furta ainihin sunanta ba. Kabarin Musulmi a ƙauye kuma ba a saba rubuta masa suna ba. Bayan sadakar arba'in, abin da ya rage nata shi ne laƙabin nan, da wata miya da ita kaɗai ta iya, da 'yan kalmomin yarensu da take yi wa yara faɗa da su. A ganin wannan nazari, laƙabin madogara ce ta gaske, domin sau da yawa shi ne kawai taswirar tafiyarta, kuma kuskure ne mai bincike ya tsallake shi yana neman suna irin na rajista.

Nan ne wasan jika da kaka ya zama hanyar bincike. Ɗa ba ya iya tambayar mahaifiyarsa yadda ta haɗu da mahaifinsa, kunya ba za ta bari ba. Jika kuwa, mai kiran kakarsa "matata" ko "kishiyata", yana tambaya kai tsaye a ba shi amsa ana dariya. Don haka jikoki, musamman mata da suka kwana ɗakinta, ya kamata a fara nema kafin a je wurin dattawan zaure.

Daji da tashin ƙauyuka

Dajin Kamuku, wanda aka keɓe a 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya zama mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane shekaru da dama. Harin da aka kai ƙauyen Gwaska a Mayun 2018 ɗaya ne daga cikin waɗanda suka sa mutane barin gidajensu. Mai gudun tsira da rai ba ya tsayawa ɗaukar adaka. Amma ko takardar soja ta ƙone, sunan bataliyarsa yana nan a littattafai. Labarin matar kuwa yana buƙatar zaman tsakar gida, inda wannan za ta tuna garin, waccan ta tuna sunan ƙaninta, a harhaɗa. Da zarar zuriya ta warwatsu tsakanin cikin gari da Kaduna da Funtuwa, kowa ya tafi da guntunsa.

Sulhun da gwamnatin Kaduna ta Uba Sani ta ƙulla a Nuwamban 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar kara, ya sa wasu sun fara komawa gonakinsu. Aikin da ke gaban masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello da Gidan Arewa shi ne su bi waɗannan iyalai gida-gida, tare da mata masu ɗaukar hira da za su iya shiga cikin gida, su ɗauki hoton takardar sallama, sannan su tambayi jikoki da wane suna ake kiran kakarsu da kuma wanda ya raɗa mata shi.