Madagaskar 1972: shekarar da ƴan lakwal suka kada Tsiranana

Tun ina lise, duk 9 ga Fabrairu nake jin ana tuna ɗalibai uku da aka kashe a gadar Kennedy ta Yamai a 1990. Sai daga baya na gane wani tsibiri ya riga mu shan wannan ɗaci da shekara 18.

A ƙarshen Janairun 1972, Philibert Tsiranana ya sake lashe zaɓe da kashi 99 cikin 100 da ɗoriya. Shi kaɗai ne ɗan takara, to wa zai kayar da shi? A cikin wannan watan ne ɗaliban makarantar likitanci ta Befelatanana, a Antananarivo, suka shiga yajin karatu. Kukansu ƙarami ne da farko: ana horar da su a matsayin likitoci masu daraja ta biyu, ƙasa da masu takardar Faransa. Gwamnati ta yi kunnen ƙashi. Kafin Afrilu ya ƙare, jami'a da lise-lise sun bi sahu, magana kuma ta girma. Yanzu so suke a soke yarjejeniyoyin 1960 da Faransa, a koyar da yaro da harshen Malagasi. Wannan batu na harshe, ni dai, ya fi taɓa ni, don na san abin da ake nufi da a hukunta ka a aji saboda bakinka ya kuɓuce da Hausa.

Daren 12 ga Mayu aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai, aka kai su kurkukun tsibirin Nosy Lava. Kuskuren ke nan. Washegari iyaye, ma'aikata da samarin unguwanni marasa aikin yi suka cika titi. Dakarun FRS suka buɗe wuta, mutane gommai suka mutu, jama'a suka banka wa ma'aikatar magajin gari wuta. Tsiranana ya hau rediyo yana barazanar ƙarin kisa, amma ba wanda ya koma gida. Ran 18 ga Mayu ya miƙa cikakken iko ga Janar Gabriel Ramanantsoa, a Oktoba kuma zaɓen raba gardama ya sallame shi gaba ɗaya.

Ga inda nake tsayawa in yi tunani, ƴan'uwa. Masu zanga-zangar da bakinsu suka kira soji su karɓi mulki. An samu wani abu kam: a 1973 aka sake yarjejeniya da Faransa, ƙasar ta fita daga rukunin kuɗin faran, sojojin Faransa suka tattara. Sai dai mulkin bai faɗo hannun waɗanda suka zubar da jini ba. Daga Ramanantsoa ya koma ga Kanal Ratsimandrava, wanda aka harbe kwana shida bayan hawansa a Fabrairun 1975, sannan ga Didier Ratsiraka, wanda ya riƙe shi har 1993.

Filin da aka yi harbin, yau sunansa Dandalin 13 ga Mayu. Ginin magajin garin kuwa sai a 2010 aka buɗe sabonsa.